Mariƙi Uku Kan Bindiga Ɗaya: Yadda Salansa Ta Rikita Lissafin Wani Maharbi

A jihar Teksas ta Amurka aladun daji sun zame wa manoma alaƙaƙai. Cikin dare suke fitowa garke guda, su tone gona, su tumɓuke shuka, kafin gari ya waye sun koma kurmi. Tun 2019 dokar jihar ta ba da damar harbe su a gonar mutum ba tare da lasisin farauta ba, muddin mai gonar ya amince. Maharbin da wannan nazari ya shafa yana cikin masu wannan aiki, kuma matsalar da ya shiga irin wadda masu gyaran bindiga ke yawan cin karo da ita ce. Sai da ya sayi mariƙin gaba har uku kafin ya samu wanda ya zauna lafiya da salansarsa, alhali babu ko ɗaya daga cikin ukun da za a ce jabu ne ko ƙirarsa ba ta da kyau.

Mariƙin gaba shi ne bututun alminiyam ɗin nan da ke lulluɓe hancin bindiga. Nan hannun da ke tallafe bindiga yake kamawa, kuma a jikinsa ake ɗaura tocila da maratayi da ƙafafun jingina. Salansa kuwa gwangwanin ƙarfe ce da ake murɗawa a bakin hanci, an raba cikinta ɗaki-ɗaki da shingaye masu huda a tsakiya. Harsashi ya bi ta hudar ya wuce, hayaƙi mai zafi da matsi ya tsaya yana kewaya ɗakunan har ƙarfinsa ya ragu kafin ya fita. Hiram Percy Maxim ne ya yi rajistar wannan ƙira a 1909, kuma har yau tushen aikin bai sauya ba.

Bindigar da abin da ake nema da ita

Bindigar samfurin AR-15 ce, mai cin harsashin .300 Blackout, wanda aka amince da ma'auninsa a hukumance a 2011. An tsara wannan harsashi ne musamman domin gajeren hanci da salansa, shi ya sa maharbin ya zaɓi hanci mai inci 9. A dokar tarayyar Amurka ta 1934, duk bindigar kafaɗa da hancinta bai kai inci 16 ba sai an yi mata rajista ta musamman, haka ita ma salansa. Da can kowace rajista tana da harajin dala 200. An soke harajin daga farkon 2026, amma rajistar tana nan daram. Jihohi 42 ne suka yarda farar hula ya mallaki salansa. Tsawon mariƙi ba ya shiga lissafin tsawon hanci, salansar da ake iya cirewa ma ba ta shiga. Na kawo wannan ne don a gane cewa salansa ba kaya ba ce da mutum zai mayar shago ya canjo wata idan ba ta dace ba. Lambarta na haɗe da sunansa. Mariƙi ne ake iya canjawa cikin sauƙi, saboda haka shi ya kamata ya bi salansa.

Dalilinsa na sa salansa ba boyayye ba ne. Ƙarar bindigar kafaɗa tana wuce desibel 160, ƙa'idar kare ma'aikata a Amurka kuwa ta ce kada ƙarar farat ɗaya ta wuce 140. Salansa mai kyau tana rage desibel 20 zuwa 35. Ba ta mayar da bindiga bebiya, sai dai ta sauko da ƙarar daga mai kashe kunne zuwa wadda za a iya jurewa. Mai farautar dare yana buƙatar kunnensa a buɗe don ya ji motsin dabba da maganar abokin tafiyarsa, ga kuma gidajen manoma da ba su da nisa da gonakin.

Salansarsa tsawonta inci 7, kaurin jikinta inci 1.5. Irin mai saurin cirewa ce: akwai wani ƙarfe mai tagogi a gefe da ke zaune dindindin a bakin hanci, shi ne mazauninta, sai a zura ta a kansa, a murɗa zoben kulle da ke gindinta. Wannan zobe kaurinsa inci 1.6 ne, ya fi jikin kauri. A riƙe wannan lamba, don za ta dawo.

Abin da yake so shi ne gindin salansar ya shige cikin mariƙi, ya zamana daga nesa kamar abu ɗaya ne. Ya ba da dalilai biyu. Yana da dogon hannu, ya saba miƙa shi can gaba idan zai kama bindiga. Sannan yana son tocilarsa ta matsa gaba sosai don kada salansa ta tare haske. Akwai dalili na uku da bai faɗa ba sai daga baya: ya ga hotunan irin wannan haɗi, sun burge shi.

Na farko

Wannan bai ɗauki lokaci ba. Ya sayi siririn mariƙi mai inci 13, irin wanda ake yayi saboda daɗin kamu da rashin nauyi. Faɗin cikinsa inci 1.35. Salansa mai inci 1.5 ba ta da hanyar shiga. Tallar ta ba da tsawo da nauyi da launi da manyan baƙaƙe, faɗin ciki kuwa yana can ƙasa cikin jerin ƙananan lambobi, bai duba ba.

Asarar ba ta tsaya kan kuɗin kaya ba. Kusan kowane kamfani yana da nasa notin da ke riƙe hanci a gangar jikin bindiga, kuma a kan wannan noti mariƙi ke zama. Canja mariƙi na nufin a cire mazaunin salansa, a cire mahaɗar gas (ƙarfen da ke ɗibar hayaƙi daga hanci don bindiga ta ɗura kanta) da siririn bututunta, a kwance notin hanci, a ɗaura sabo, sannan a mayar da komai. Sai da aka gama duk wannan, aka zo zura salansa, sannan aka ga ta tsaya a ƙofa.

Na biyu, wanda ya shiga

Karo na biyu ya duba lambar. Ya samo mariƙi mai inci 12, faɗin ciki inci 1.75, an ma rubuta a tallarsa cewa yana ɗaukar salansa. Ya yi lissafi: 1.75 ya fi 1.5, an gama. Salansar ta shige sumul, kusan inci 4 na gindinta ya ɓace a ciki, bindiga ta fito yadda ya gani a hoto.

A nan ne ainihin nazarin yake, domin duk abin da ya biyo baya daga wannan lissafi ya taso.

Bambancin 1.75 da 1.5 kwatan inci ne, amma wannan kwata na ɓangare biyu ne, dama da hagu, sama da ƙasa. Idan aka raba, tazarar da ke tsakanin jikin salansa da bangon mariƙi inci 0.125 ce, wato milimita 3 da ɗan ɗoriya. A wurin zoben kulle mai inci 1.6 kuwa tazarar ta koma inci 0.075, ba ta cika milimita 2 ba. Wannan ma idan cikin mariƙin da'ira ce cikakkiya kenan, kuma yawancinsu ba haka suke ba. Suna da kusurwoyi, suna da hanyar bututun gas a sama, wani wuri ya fi wani faɗi. Lambar da kamfani ya bayar ba lallai ta zama ta wuri mafi ƙunci ba.

Sai batun ramukan ɗaura kaya. Mariƙin na tsarin M-LOK ne, wanda kamfanin Magpul ya fito da shi a 2014, kuma shi ya mamaye kasuwa bayan sakamakon gwajin da wata cibiyar sojojin ruwan Amurka da ke Crane ta yi ya fito a 2017, inda ya doke abokin hamayyarsa KeyMod. Tsari ne mai ƙarfi, babu musu. Amma yadda yake kamu shi ne: ana zura ɗan noti ta cikin dogon rami, ya juya ya kama bangon ta ciki, sukuru kuma ya ratsa shi daga waje. Kenan notin yana cikin mariƙi, wutsiyar sukurun ma tana ciki. A bindiga mai siririn hanci babu wanda ya damu, fili ne fetal. Idan salansa ce a wurin, milimita 3 kawai ake da su.

Maharbin ya riga ya ɗaura salansa kafin ya zo sa tocila. Ya zaɓi ramin ƙarshe na gaba a ɓangaren dama, ya murɗa sukuru biyu har ya ji sun yi tauri, ya ɗauka sun kama. Ashe taurin da ya ji ba na noti da bango ba ne, wutsiyar sukuru ce ta tokare jikin salansa. Da aka auna daga baya, notin da wutsiyar sun leƙa ciki da kusan milimita 4. Abu biyu suka faru lokaci guda: tocilar ba ta kamu da kyau ba, salansar kuma ana tura ta hagu.

A filin gwaji ya fara ganin alama. Bindigar da ke tara harsasai wuri guda a mita 100 ta koma watsa su, tarin kuma ya gusa daga inda aka saita madubin hange na bindigar. Ya gyara saiti. Da ya jingina mariƙin kan sandar jingina sai wurin faɗuwar harsashi ya sake canjawa, da ya riƙe a hannu ya koma wani wurin. Ya zargi harsashi, ya canja kamfani. Ya zargi madubi, ya ƙara ɗaure shi. Bai kawo mariƙi a ransa ba, tunda a saninsa mariƙi ba ruwansa da inda harsashi ke zuwa.

A ƙa'ida gaskiyarsa ne. Mariƙin zamani ba ya taɓa hanci ko kaɗan, a kan notin gindi kaɗai yake zaune, hanci na lilo a cikinsa. An yi haka ne don duk nauyin da aka ɗora wa mariƙi, na hannu ko na jingina ko na jan maratayi, kada ya isa ga hanci. Duk lokacin da aka harba, hanci yana karkarwa, kuma muddin karkarwar iri ɗaya ce kowane harbi, harsasai za su taru. Salansa mai nauyin giram 400 a bakin hanci tana sauya wannan karkarwa, amma sauyi ne tabbatacce, a saita madubi sau ɗaya a huta. Da sukuru ya haɗa salansa da mariƙi sai wannan 'yanci ya tafi. Duk yadda ya matsa mariƙi, haka matsin ke bi ta sukuru ya shiga salansa, daga nan ya shiga hanci.

Watsewar harsashi ita ce ƙaramar illa. Kaurin harsashin inci 0.308 ne, hudar da ke cikin shingayen salansa kuwa kaɗan ta fi shi, tazarar kowane gefe yawanci ba ta kai milimita guda ba. Salansar da aka karkatar daga gindi, karkacewar tana ƙaruwa ne yayin da ake nufar baki. Da mai gyara ya haska murfin gaba, sai ga ɗan gurbi a gefen hudar, mai sheƙin jan ƙarfe, alamar rigar harsashi ta goga a wurin. Gogar ta tsaya a murfi. Da ta ƙara kaɗan, harsashi zai daki shinge a ciki, kuma irin wannan dukan na iya fasa salansa ko ya tura gutsattsarin ƙarfe inda ba a nufa ba.

Zafi

Duk wanda ƙafarsa ta taɓa salansar babur bayan doguwar tafiya ya san irin ƙunar da ake magana. Ta bindiga ta fi saurin ɗaukar zafi, domin aikinta kenan, ta kama hayaƙin albarushi ta mayar da ƙarfinsa zafi. Harsashi 30 masu ƙarfi da aka harba a jere kan iya kai ta sama da digiri 150 a ma'aunin Salsiyos, fatar mutum kuwa digiri 60 ya ishe ta ƙonewa cikin 'yan daƙiƙu.

Masu son shigar da salansa cikin mariƙi sukan ce ai kariya ce, hannu ba zai taɓa ƙarfe mai zafi ba. Akwai gaskiya a ciki, amma gaskiyar harbi uku ko biyar ce. Alminiyam yana ɗaukar zafi ya yaɗa shi kusan ninki goma fiye da ƙarfe mara tsatsa. Idan aka sa gwangwani mai zafi a cikinsa da tazarar milimita 3, iska ba ta samun hanyar zagayawa, zafin ya rasa wurin zuwa sai bangon mariƙi, daga nan ya bi jikinsa har inda tafin hannu yake. Salansar da ke waje iska na kaɗa ta ta kowane ɓangare. Ta ciki kuwa tana daɗewa ba ta huce ba, kuma tana dafa duk abin da ke kewaye da ita.

A daren farauta na yau da kullum, inda zai yi harbi biyu ko uku garke ya watse, bai ji komai ba. Ranar da ya je gwaji ya yi harbi da yawa, safar hannu ma ba ta hana shi sauke bindigar ba. Robar da ke rufe wayar makunnin tocila ta yi laushi ta manne a jikin mariƙi. Ta cikin madubi kuma abin bara ya riƙa rawa saboda kawalwalniyar da ke tashi daga gaban bindiga. Maganin kawalwalniya da aka sani shi ne a sa wa salansa riga mai jure zafi, to amma rigar tana ƙara kauri, babu inda za ta shiga a tazarar milimita 3. Rabin gaba kaɗai zai iya rufewa.

Akwai bindigogin da salansarsu ke ciki kuma suna aiki lafiya. MP5SD ta kamfanin Heckler & Koch tun 1974 take, amma harsashin ƙaramar bindiga take ci, albarushinsa kaɗan ne, kuma tare aka zana hanci da salansa da mariƙi. Da rundunar ayyuka na musamman ta Amurka ta nemi bindigar da za ta zauna da salansa koyaushe, wadda SIG Sauer ya ci kwangilarta a 2018, sai da aka saka wa salansar raga mai jure zafi. Wato waɗanda ke da injiniyoyi da ɗakin gwaji ma sun ɗauki zafin nan a matsayin matsala mai zaman kanta. Mai haɗa kaya daga kamfani uku daban-daban ba zai tsallake ta da kwatan inci ba.

Zoben da hannu ba ya kaiwa

Ya biya ƙarin kuɗi don salansa mai saurin cirewa, sai ga zoben kullen ya nutse kusan inci 4 cikin bututun da yatsa ba ya shiga. Wajen ɗaurawa yakan murɗa jikin salansar, sannan ya zura siririn ƙarfe ta ramin M-LOK ya tura zoben, ba tare da ya tabbatar ya kulle har ƙarshe ba. Wajen cirewa abin ya fi muni. Baƙin hayaƙi yana taruwa tsakanin salansa da mazauninta, ya bushe ya riƙe su gam. Dabarar da aka saba ita ce a sassauta ta tun da sauran ɗumi, a kama zobe da kyau a murɗa. Shi kuwa ba shi da wurin kamawa. Ranar da aka kai wa mai gyara, sai da aka kwance mariƙin gaba ɗaya aka zame shi, bayan an cire tocila, kafin aka kai ga zoben.

Da aka ga gurbin nan a murfi, shawarar ita ce a mayar da salansar kamfaninta su duba shingayen. Maharbin ya ce to, kafin ta dawo zai ci gaba da aiki ba salansa, ya sa abin toshe kunne. Mai gyaran ya ɗauki bindigar ya nuna masa inda tagogin mazaunin suke: a cikin mariƙi, daidai ƙarƙashin inda yake ɗora yatsunsa. Waɗannan tagogi aikinsu su watsa wuta da matsi gefe da gefe. Harbi ɗaya a haka na iya tsaga alminiyam ya raunata hannu. Bindigar da aka haɗa ta wannan hanya ba ta harbuwa sai da salansa, kuma babu wani abu a jikinta da zai hana mai mantuwa, ko wanda ya are ta, ya ja kunama. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mai bindiga ɗaya tak ya sake tunani.

A kan teburin mai gyara

Mai gyaran bai fara da kundin kaya ba, da ma'auni ya fara. Ya auna daga fuskar gangar jiki zuwa kafaɗar tiredin bakin hanci, wato zaren murɗi da mazauni ke hawa, ya samu inci 8 da kusan kwata. Hancin inci 9 ne a takarda, amma daga fuskar abin da ke tura harsashi ake fara ƙirga shi, kuma tiredin baki ya cinye fiye da rabin inci. Ya mayar da mazauni, ya zura salansa, ya duba inda gindin zoben ya tsaya, domin wasu salansoshin suna komowa baya su haye kafaɗar. Wannan ta tsaya daidai kafaɗa. Ya auna kauri a wuri mafi kauri, ba a tsakiyar jiki ba. Ya auna tsayin mahaɗar gas. Sannan ya sa maharbin ya ɗaga bindiga yadda ya saba idan yana bin garke, ya yi alama da alli a inda babban yatsansa ya tsaya. Alamar ta faɗi a wajen inci 7. Dogon hannun da ya kafa hujja da shi, a tsaye a filin gwaji yake miƙa shi. A cikin duhu, da bindiga kan sandar jingina, bai taɓa kaiwa inci 10 ba.

Hanyoyi huɗu suka bayyana.

Ta farko, a ci gaba da ɓoye salansa amma a yi shi da kyau: mariƙi mai faɗin ciki kusan inci 2, a bar ramukan da ke saman salansa babu komai ko a rage tsawon sukurori, a cire zoben kulle a koma ɗaurin tiredi kai tsaye. Yana yiwuwa, mutane na yi. Sai dai mariƙin zai yi ƙato a hannu, ga nauyi. Salansar tiredi kuma takan sassauta da harbi, dole a riƙa taɓa ta ana ƙara murɗawa. Zafi zai ragu amma ba zai tafi ba, haramcin harbi ba salansa kuma yana nan. Wanda ya nace wa wannan hanya gara ya nemi mariƙin da aka sassaƙa masa layin Picatinny a jikinsa ta gaba. Wannan tsari, da sojojin Amurka suka amince da shi a 1995, ta waje ake maƙale masa kaya, babu abin da ke leƙawa ciki. Guntun Picatinny da aka ɗaura kan ramin M-LOK bai warware komai ba, tunda shi ma da noti yake kamu. An kuma yi maganar mariƙin zaren kabon, wanda ba ya ɗaukar zafi da sauri kamar alminiyam, amma ƙaron da ke haɗe zaren yana da iyakar zafin da yake jurewa, don haka sai an tambayi kamfanin ko ya yarda a sa salansa a ciki.

Ta biyu, a sayi siririyar salansa. Sabuwar rajista kenan, da sabon jira, kuma siririn gwangwani ɗakunansa ƙanana ne, sai an ƙara masa tsawo kafin ya rage ƙara kamar mai kauri. Ba a daɗe a kanta ba.

Ta uku, a bar mariƙin inci 12 a canja hanci zuwa inci 13 ko fiye, salansa ta koma waje gaba ɗaya. Harsashi mai gudu zai ƙara gudu kaɗan. Amma bindigar za ta ƙara tsawon inci 4, shi kuwa daga cikin mota yake fita da ita da dare, gajartar ce ta sa ya sha wahalar rajista tun farko.

Ta huɗu, gajeren mariƙi da zai tsaya kafin zoben.

A Finlan da Norwe da Birtaniya, inda salansa ta zama kayan farauta na yau da kullum, da yawa suna amfani da wadda ke komowa baya ta haɗiye wani sashe na hanci don kada bindiga ta yi tsawo. Mai irin wannan lissafinsa ya juya: ba faɗin cikin mariƙi zai tambaya ba, inci nawa na hanci ya rage tsirara a gaba zai auna. Ko ta wace hanya aka bi, daga salansa ake fara awo a komo baya.

Na uku

Sun ɗauki ta huɗu. Gardamar da ta rage tsakanin inci 7 ce da inci 8. Mai inci 8 zai bar tazarar kwatan inci tsakaninsa da zobe, ya yi kyan gani, ya ba da ƙarin rami ɗaya. Mai gyaran ya fi son inci 7 saboda yatsu masu safar hannu su samu wurin kama zobe ta baya. Maharbin ya tsaya kan 8, saboda alamar allin nan tana kan 7, yana son sauran wuri a gaban yatsansa. Aka gwada da safar hannu, zoben ya murɗu tunda duk jikinsa a waje yake, aka bar shi a 8. Tunda babu abin da zai shiga ciki sai hanci da mahaɗar gas, sai ya koma siriri mai faɗin inci 1.35, irin na farkon da ya so tun asali.

Gajeren mariƙi yana da nasa haɗarin: hannu na iya zamewa gaba ya sauka kan salansa mai zafi. An ɗaura ɗan tudun tokare hannu a ramin ƙarshe na ƙasa, yadda ko cikin duhu yatsa zai ji iyaka. Tocila ta hau maƙali mai miƙa ta gaba, gindinsa a kan mariƙi, kanta kuma a gefen salansa ba tare da ta taɓa ta ba. An duba wutsiyar kowane sukuru da ke kusa da mahaɗar gas, domin ita ma tana iya tokaruwa kamar yadda salansa ta yi, aka rage ɗaya da ya yi tsawo.

Da salansar ta dawo da sabon murfi, shingayenta lafiya, mai gyaran ya sake zaunar da mazaunin. Ya cire wosha mai lanƙwasa da aka sa a baya, irin wadda ake matsewa har ta baje, domin ba ta bajewa daidai ta kowane gefe, tana iya karkatar da salansa. Ya sa siraran woshoshi masu faɗi ɗaya. Sannan ya zura miƙaƙƙen sandan gwaji ta cikin hanci har ya leƙo ta bakin salansa, ya duba ko yana tsakiyar huda. Yana tsakiya. A mita 100 harsasai suka koma taruwa, kuma tarin bai gusa ba ko an jingina ko an riƙe a hannu. An cire salansa an mayar, wurin faɗuwar bai sauya ba.

Ba komai ya warware ba. Salansa tana yanke wani yanki na hasken tocila ta ɓangaren hagu, inuwar da dogon mariƙi ya rage masa a da. Gilashin tocilar yana yin baƙi da hayaƙi idan ya yi harbi ba salansa, tunda yanzu kanta na kusa da tagogin mazauni, sai ya goge. Notin daidaita gas yana ƙarƙashin mariƙi, ta gaba ake kai masa da dogon makulli, don haka duk lokacin da zai sauya daga harsashi mai nauyin giram 14 da ke tafiya ƙasa da gudun sauti zuwa mara nauyi mai gudu, sai ya cire salansa tukuna. Yanzu dai cirewar ta daƙiƙa kaɗan ce. Ya sayi rigar zafi mai rufe salansar tun daga zobe har baki, yana sa ta ranar gwaji da madubi, yana cire ta idan harbin zai yi yawa don ƙarfen ya sha iska. Mariƙin inci 12 kuma ya ajiye shi don wata bindigar mai hancin inci 16, inda bakin hanci zai wuce shi da nisa.